RAV4 ɗinka da karaban mai kilo 1,480: kada ka ba da kuɗi tukuna

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana Manchester da iyali, kai da uwargida da yara uku, motarka Toyota RAV4 ce ta 2020 mai haɗa fetur da batir, kuma ka samu karaban na hannu, wato ɗakin kwanan nan mai taya da Turawa ke ja da mota in za su hutu. Mai sayarwa ya ce maka motar tana jan kilo 1,650, karaban ɗin kuma 1,480 ne, don haka ba matsala, kai kuma kana so ka ji ko haka ne kafin ka ba da kafin alƙalami.

Toh, mutumin bai yi ƙarya ba amma bai ƙarasa magana ba. Na haura shekara goma ina gyaran mota da karaban a ƙasar nan, kuma kusan duk wanda ya zo min da matsala da lamba ɗaya yake zuwa a bakinsa, irin wadda aka ba ka ɗin nan. Alhali lambobin da ke ɗaure ka sun kai biyar ko shida, kuma wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu ita ce ke da hukunci, ko da sauran duk sun ce bismillah.

Kafin komai ma, je ka duba bayan motarka ko akwai rubutun AWD-i. Wannan RAV4 ɗin iri biyu ce. Wadda tayoyi huɗu ke ja, fowil ɗin, ita ce aka ba izinin kilo 1,650. Wadda tayoyin gaba kaɗai ke ja kilo 800 kacal aka yarje mata. Jiki ɗaya, fenti ɗaya, in ka jera su ba za ka bambanta ba, amma ɗaya ba ta kai rabin ɗaya ba. Kuma mai sayar da karaban ba ruwansa, ya buga sunan mota a waya ya ga babbar lamba ya karanto maka, kallon kitse ya yi wa rogo. In taka mai 800 ce shikenan magana ta ƙare a nan, wannan karaban ba naka ba ne sai ka canza mota. Kar ma ka dogara da rubutun bayan motar kaɗai, ɗauko takardar mallakar mota, V5C ɗin nan, ka nemi O.1, shi ne nauyin tirela mai birki da motarka, ita wannan da ke ƙofar gidanka, za ta iya ja. O.2 na tirelar da ba ta da birki ne, wanda ba ya wuce kilo 750 a kowace mota, wannan bai shafe ka ba don karaban mai wannan girman da birkinsa yake zuwa.

Mu ɗauka fowil ce. Yanzu sai mu zo kan ma'anar 1,650 ɗin, don nan ne mutane ke ruɗewa. Wannan lambar ƙarfin inji da giya da birki da ƙashin mota take nunawa, daga cikin gwajin da dokar Turai ta sa akwai cewa mota ta iya tashi daga tsaye da kayanta a kan hawa mai kashi 12 cikin ɗari, sau biyar cikin minti biyar. Kaga ke nan magana ce ta "za ta iya ja". Ba ta ce komai ba a kan abin da zai faru in kana gangarowa a babbar hanyar M6 wajen tudun Shap, iska na bugun ka ta gefe, ga babbar tirela ta zo ta shige ka. Karaban ba kamar tirelar ɗaukar yashi ba ne da ke kwance ƙasa-ƙasa, akwati ne dogo mai faɗin bango, iska na kama shi kamar an shanya tabarma, kuma duk nauyinsa a kan aksil ɗaya yake lilo. Shi ya sa manyan ƙungiyoyin masu karaban na ƙasar nan guda biyu, Caravan and Motorhome Club da Camping and Caravanning Club, suke ba sabon shiga shawarar kada karaban da kayansa ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar in ba kowa ba komai a cikinta. Wanda ya goge zai iya kaiwa ɗari bisa ɗari, amma ba a so a wuce. Wannan ba doka ba ce, ɗan sanda ba zai kama ka a kanta ba, shawara ce ta waɗanda suka ga jiya suka ga yau.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali, kai kuma ka sa na gaskiya daga takardunka. A ce nauyin motarka ba kaya 1,680 ne. Kashi 85 ɗinsa ya kama 1,428. Karaban ɗinka 1,480, wato wajen kashi 88. Ka ɗan haura. Ni a ganina wannan ba abin fasa ciniki ba ne in za ka kiyaye lodi da gudu, ba wani tsafi ke cikin 85 ɗin ba da za a ce 84 lafiya 86 mutuwa, amma ka san cewa ba ka da rara, kuma kai sabo ne. Da a ce 95 ya ba ni da na ce ka nemi ƙarami.

Abin da ya fi damuna a tambayarka ba ma wannan ba ne. Shi ne 1,480 ɗin. A gefen karaban kusa da ƙofa akwai ɗan faranti ko sitika mai lambobi biyu. MTPLM shi ne iyakar nauyin da karaban zai kai da duk abin da ke cikinsa, ina kyautata zaton shi ne 1,480 da aka faɗa maka, amma ka tabbatar da idonka domin wasu masu sayarwa ƙaramar lambar suke faɗa don ciniki ya faɗa. MiRO kuma nauyinsa ne yadda ya fito daga kamfani. In ka cire na biyu daga na farko abin da ya rage shi ne kayan da aka yarda ka zuba, kuma a karaban na mutum huɗu irin na kamfanin Bailey ko Swift ko Elddis sau da yawa abin bai fi kilo 150 zuwa 160 ba. Ɗari da hamsin fa, ɗan'uwa. Buhun shinkafa uku.

To yanzu ka lissafa da ni. A ce naka 155 ne. In mai shi na da ya sa injin nan da ke murza taya ana tuƙa karaban da rimot a shigar da shi gida, kilo 30 ko fiye sun tafi, kuma ba ya cikin lissafin kamfani don daga baya aka ɗaura. Batir wajen 25. Rumfar da ake kafawa a gefe da sandunanta, 25 zuwa 40. Tukunyar gas ta biyu, wadda aka rubuta kilo 6 a jikinta, gas ɗin ne kilo 6, da ƙarfen tana kaiwa 15. Ba ka sa cokali ko ɗaya ba ka riga ka cinye kusan ɗari. Saura 50 da ɗan wani abu, kuma a ciki ne za a samu bargo da filo na mutum biyar, kayan sawa, kujerun zama waje, tankin ruwa, wayar wuta, takalma. Sannan mu zo kan namu na gida, don na san mu. Bature zai tafi hutu da burodi da gwangwanin wake, mu kuwa uwargida ba za ta yarda ta bar gida ba tukunya babba da ƙarama, shinkafa kilo goma, galan ɗin mai, manja, doya in an samu, kulolin miya da aka daskarar, filas, butoci, dardumai, har da turmi na taɓa fitarwa daga karaban ɗin wani bawan Allah wallahi. Ba laifi ba ne, ni ma ba na iya kwana uku a kan sanwici, amma sikeli bai san wannan ba. Abin da ke cikin MiRO yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani da kuma shekara, wasu sun sa gas ɗaya da ɗan ruwa a ciki, don haka ka karanta littafin karaban ɗin. Kuma kada ka yi tafiya da ruwa a tanki, kowace lita kilo ɗaya ce, tankin nan mai gangarawa lita 40 yake ci, ka cika shi in ka isa.

Za ka ce to sai in mayar da kayan cikin mota. Daidai, haka ake yi, kaya masu nauyi gara su zauna a mota. Sai dai ita ma motar da nata iyakar. Buɗe ƙofar gaba ka duba jikin ginshiƙin, ko cikin bonet, za ka ga faranti mai lambar shasi da lambobi huɗu a jere. Ta farko iyakar nauyin motar da mutane da kaya da mai. Ta biyu iyakar mota da abin da take ja in an haɗa su. Ta uku aksil na gaba, ta huɗu aksil na baya. Waɗannan su ne doka, su jami'an DVSA, hukumar duba motoci ta ƙasar nan, ke dubawa in sun tsayar da kai suka kai ka sikeli. A ce ta farko 2,225 ce, ka cire 1,680, saura 545. Kai 85, madam 75, yara uku a haɗe a ce 110, an samu 270. Ƙugiyar ja da aka ɗaura wa motar ita kanta tana da wajen kilo 20 zuwa 25. Sannan nauyin da hancin karaban ke dannawa a kan ƙugiyar, a ce 75, shi ma a kan motar ake lissafa shi, wannan kusan kowa mantawa yake. Ka ga an kai 370. Saura 175 na but da kariyar ɗora kaya ta saman mota in kana da ita. Ya isa, amma ba yadda kake zato ba, kuma yaran nan girma suke, lissafin bana ba zai yi baɗi ba.

Lamba ta biyu kuma ka kula da ita. A motoci da yawa in ka cire ta farko daga ta biyu za ka samu daidai abin da aka ce motar na ja. Amma akwai motoci, musamman wasu na Faransa, da abin ba ya kaiwa, ma'ana ba za ka cika motar taf kuma ka ja cikakken nauyi a lokaci ɗaya ba, in ka ƙara nan sai ka rage can. Yi wannan ɗan lissafin a taka, minti ɗaya ne.

Yanzu maganar hanci, wadda ita ce ta fi kowace muhimmanci a wurina kuma ita aka fi wasa da ita. Ana so nauyin da ke sauka kan ƙugiya ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin karaban da kayansa. A naka ke nan tsakanin 74 da 104. Amma motar tana da iyakar abin da ƙugiyarta za ta ɗauka, yana cikin littafin mota, kuma a jikin ƙugiyar akwai faranti da harafin S da lamba a gabansa, sannan kan karaban ɗin, wato ƙarfen gabansa da ke kama ƙugiya, shi ma yana da tasa iyakar, yawanci 100. Wadda ta fi ƙanƙanta ita za ka bi. Motoci masu girman taka galibi 70 zuwa 100 ne, in taka tana ƙasa-ƙasa ka ga ke nan da kyar za ka samu kashi 5 ɗin, dole ka zauna dab da iyakar ba tare da ka wuce ba. In hanci ya yi nauyi da yawa bayan mota zai zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf a hannunka, fitila ta koma haska sama. Kuma tunda ƙugiyar tana can bayan tayoyin baya da kusan mita ɗaya, kilo 75 a kanta yana zama sama da 100 a kan aksil na baya, gaba kuma ya rasa wajen 30, kamar yadda yaro ke ɗaga babba a lilon katako in ya matsa ƙarshe. Shi ya sa za ka ga mota ba ta wuce nauyinta gaba ɗaya ba amma aksil na baya ya yi obalodi.

In kuma hanci ya yi sauƙi da yawa, wannan ya fi haɗari. Akwai wani da na taɓa yi wa aiki, ya auna hanci ya ga ya haura, sai dabara ta zo masa ya kwashe rumfa da kwalaben ruwa ya jibge su can ƙarshen karaban cikin banɗaki. Hancin ya sauko kam, lamba ta yi kyau. A gangara yana wajen mil 60 wata babbar mota ta wuce shi, karaban ya fara kaɗa wutsiya, dama, hagu, dama, kowane kaɗawa ya fi na baya, shi kuma ya taka birki da ƙarfi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba amma karaban ya kwanta a gefensa, a buhu aka kwaso kayan. Nauyi a ƙarshen baya yana mayar da karaban kamar majaujawa. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, a kan aksil ko ɗan gabansa kaɗan, matsakaita a ƙarƙashin kujeru, akwatunan sama kuwa sai tufafi da abin da ba shi da nauyi. In hanci ya yi yawa, ka janyo kaya daga gaba zuwa kan aksil ko ka mayar da su mota, kada ka kai su wutsiya. In kuma kaɗawar ta same ka a hanya, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka biye masa kana gyarawa, kada ka danna birki, kada kuma ka saurari masu cewa ka ƙara wuta zai miƙe. Yawancin karaban na yanzu suna da kai na kamfanin AL-KO mai matse ƙwallon ƙugiya yana rage kaɗawa, wasu ma da na'urar ATC mai taka wa karaban birki da kanta, suna taimakawa sosai amma ba sa gyara mugun lodi. Af, in kan karabanka irin mai matsewar ne kada ka shafa wa ƙwallon giris, a bushe ake son sa.

Auna hanci ba wuya. Sikelin banɗaki da guntun katako da ka yanka daidai yadda kan karaban zai tsaya a tsayin ƙugiyar motarka, a fili mai lebur, ƙafafun kusurwa a ɗage, ka sauke kan a hankali har ƙaramar tayar gaba ta bar ƙasa, ka karanta. Akwai kuma na sayarwa da aka yi don haka. Duk tafiya ake aunawa, ba sau ɗaya ba.

Na san abin da ke ran da yawa daga cikinmu, don ni ma a tasha na taso, inda ake cewa mota ba ta cika, a ɗaure buhuna a saman Fijo har bayanta na shafar ƙasa kuma a isa lafiya. Amma nan gudun ya fi, kuma abin da ke bayanka ba a jikin motar yake ba, a kan ƙwallo ɗaya mai faɗin milimita 50 yake juyawa. Ban da haka in aka kama ka da obalodi tarar bakin hanya daga fam 100 zuwa 300 ce gwargwadon yadda ka wuce, in abin ya yi muni kotu ce, kuma ba za ka motsa daga wurin ba sai ka rage kaya, ka yi tunanin kanka da yara a gefen hanya kuna shawarar wace tukunya za a bari. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne inshora, in hatsari ya faru aka gano ka wuce abin da ke kan faranti suna iya ƙin biyan ka. Kuma ka sanar da su in ka ɗaura ƙugiya.

Lasisi ba zai ba ka wahala ba. Tun 16 ga Disamba 2021 duk mai cikakken lasisin mota na Ingila, Scotland ko Wales zai iya jan tirela har kilo 3,500 ba sai ya sake jarrabawa ba, Ireland ta Arewa ce dokarta daban. Amma an cire jarrabawa ne ba a cire wahalar ribas ba, ka biya kwas na yini ɗaya, kuɗin bai kai na gyaran kusurwar karaban ɗaya ba. Gudu kuma mil 60 a awa ne a manyan hanyoyi masu raba hannu, 50 a mai hannu ɗaya, ba a shiga layin can dama in hanyar motowe ce mai layi uku ko fiye, madubin ƙari dole ne in karaban ya fi motarka faɗi kuma zai fi, sannan ba a barin kowa a cikin karaban ana tafiya komai kukan yara. Tayoyinsa ka duba shekarunsu a lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, in sun kai biyar ka fara shirin canzawa, bakwai kuwa ko sun yi kama da sababbi a cire, tayar karaban zama ke kashe ta ba tafiya ba.

Duk lissafin da muka yi a takarda ne, gani kuma ya kori ji. In ka saya, kafin tafiyar farko ka loda komai yadda za ku tafi, da mutane da cikakken tanki, ku je sikelin auna motoci na jama'a, in ka duba shafin ƙaramar hukumarku za ka ga na kusa da kai, 'yan fam kaɗan ake biya. Ka auna mota da karaban a haɗe ka gwada da lamba ta biyu ta farantin motar. Ka auna motar kaɗai tana kan sikeli karaban na maƙale amma tayoyinsa a waje, ka gwada da ta farko. In mai sikelin ya yarda ka ɗora tayoyin baya su kaɗai don lamba ta huɗu. Sannan ka kwance karaban ka bar shi shi kaɗai a kai, har da ƙaramar tayar gaba, ka gwada da 1,480. Ban cika ganin wanda ya je karon farko bai dawo yana sauke kaya ba. In ka ga kullum kana haurawa da ashirin ko talatin, wasu kamfanonin suna sabunta farantin su ƙara maka nauyi in shasi da taya za su ɗauka, sai dai kowane kilo da aka ƙara yana ƙara tura ka sama da 88 ɗin nan, ga 1,650 kuma na jiran ka a gaba.

In ma mai sayarwa zai yarda, ka roƙe shi ku kai karaban ɗin sikeli babu kaya tun kafin ka biya, don karaban na hannu yakan fi abin da aka rubuta nauyi, shekara da shekaru ana ɗaura masa wannan da wancan. Yanzu dai ka turo min abin da ke O.1 a takardarka, da hoton farantin ƙofar mota da na gefen karaban, ka rufe lambar shasi, sai mu sake lissafin da lambobinka na gaskiya. A gaida uwargida da yara.